Kujerar da Ake Barci a Kanta

Idan ka tambayi Mai Aski abin da ya tara a duniya, ba zai nuna maka gida ba, don na haya ne. Ba zai nuna maka shago ba, don ko akuya ta shiga sai dai ta fito da baya. Kujerar zai nuna maka. Tsohuwar kujera ce mai juyawa, fatarta ta tsattsage ya bi ta da salatif ya lalliƙe, amma a kanta ne ƙarti masu gemu suke barci kamar jarirai, aska tsirara tana yawo a maƙogwaronsu. Wannan shi ne abin alfaharinsa, kuma ba ya ɓoyewa.

"Kowa ma zai iya rage gashi," in ji shi. "Amma a ce namiji ya miƙa maka wuyansa, ya rufe ido, har ya kama minshari? Bi layin nan kaf ka nemo mini na biyu."

Ba a banza ya samu wannan hannu ba. Maigidan da ya koya masa sana'a mutum ne mai baƙar zuciya, wanda bai yarda ya taɓa kan kowa ba sai da ya aske gashin hannunsa da na ƙwaurinsa tas, ya jira ya tsiro, ya sake askewa. Har yau in ya naɗe hannun riga za ka ga damtsensa na hagu sumul. Da zamani ya juya, samari suka buɗe shaguna masu fitilu kala-kala da talabijin da kiɗa mai fasa kunne, shi ma ya sayi inji ya rataye don kada a ce ba shi da shi. Amma gemu da saje da gyaran ƙeya, wannan aikin aska ne, kuma masu zuwa wurinsa askar suke bi. Direbobi ne da masu gadi da malaman makaranta da 'yan dako, mutanen da ba su da inda za su rufe ido da rana ba tare da wani ya ce malalata ne ba.

Babban mai barcin kujerar shi ne Mai Agogo, wanda teburinsa na gyara yake tsallaken titi. Tare suka fara sana'a a layin, tare furfura ta same su, kuma ba su taɓa gaisawa ba tare da an soki juna ba.

"Mahauci, an buɗe mayanka?" haka Mai Agogo yake sallama.

"Shigo, tsohon rago, kai kaɗai ake jira."

Kumfa na taɓa haɓar Mai Agogo barci ya kwashe shi. Minsharinsa ma sananne ne: yana farawa kamar tsohon janareta da ya ƙi tashi, ya yi gurnani, sannan ya ƙare da wani ɗan siririn fito. Mai Aski yakan ce ko a cikin duhu aka jera masa masu barci ɗari zai ware nasa.

Akwai kuma ɗan ƙanwar Mai Aski, wanda tun yana ƙarami ake kira Tsuntsu saboda bakinsa ba ya rabo da fito. Da ya zama saurayi ya watsar da karatu ya ce shi waƙa zai yi, ubansa ya kore shi, uwar ta zo tana kuka.

"Yaya, ka riƙe mini shi. Kai kaɗai yake jin maganarka."

Ya riƙe shi. Ya ba shi katifa a falo, ya ba shi gefen benci a shago. Nan Tsuntsu yake wuni, waya a hannu, kunne a buɗe, ƙafa tana buga ƙasa. Masu jiran layi suna yi masa shaguɓe, suna tambayar ko zaman bencin ma ana biyan albashi, Kawun ne yake tare masa. "Ku bar mini yaro. Kowa da ranarsa." Kuma duk ƙarshen mako sai ya zaunar da shi ya yi masa gyaran fuska irin wanda ake yi wa ango.

A cikin waɗannan shekarun ne hannun Mai Aski ya fara. Da kofin shayi ya soma, wata 'yar rawa da ba ta kai a kula ba. Ya ce gajiya ce. Ya ce sanyi ne. Da ta ƙi tafiya ya saci jiki ya je asibiti a wata unguwa mai nisa inda ba wanda ya san shi, likita ya sa shi ya miƙe hannuwa, ya taɓa hanci, ya zana da'ira a takarda. Ya ce jijiya ce da shekaru, magani zai rage amma ba zai kore ba. Sannan ya tambaye shi sana'arsa. Mai Aski ya ce tireda yake da ita.

Matarsa ba ta taɓa cewa uffan ba. Kawai dai daga wani lokaci ta daina cika masa kofi, sai ta tsaya a rabi, in ya shanye ta ƙara. Ya gane, ta gane ya gane, aka bar maganar a nan. Irin wannan shirun ne ya sa ya ɗauka duk wanda yake ƙaunarka haka yake yi.

Shi kuwa ya zauna ya karanci hannunsa kamar yadda ake karantar halin maƙwabci. Ya lura rawar ba kullum take ba, zuwa take yi tana wucewa, kuma tsakanin zuwa da zuwa akwai ɗan sarari. Sai ya ƙirƙiro dabara. Yakan kafa ƙaramin yatsansa a muƙamuƙin mutum, ya riƙa rera wata 'yar waƙa a hanci, marar kalmomi, mai hawa da sauka. In muryar ta hau, aska tana sama tana jira. In ta sauka, ya ja. Aikin aska ya mayar da shi safe, lokacin da hannun ya fi biyayya, da yamma kuwa sai inji. Masu zuwa aski suka ce tsufa ya sa Kawu ya zama mawaƙi, waƙar ma ta ƙara musu daɗin barci. Ba wanda ya san igiya ce yake tafiya a kanta.

Sau ɗaya tak ya zame, kuma a kan Tsuntsu ne. Wata yamma ce shagon ba kowa, yaron ya matsa a gyara masa saje don zai je gwajin murya. Askar ta ɗan ci bayan kunnensa. Ba wani yanka ba ne, ɗigo ne da auduga ta shanye nan take. Amma Mai Aski ya tsaya yana kallon jan da ke jikin audugar kamar bai taɓa ganin jini ba. Ya je ya tura ƙofa. Ya dawo ya miƙa hannunsa a gaban yaron, ya bar shi ya yi rawarsa son ransa, ya faɗa masa komai, har da likitan, har da sirrin waƙar hancin. Ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai, ranar ya sauke.

"Ka rufa mini asiri, ɗana. Ko uwarka kada ta ji. Ranar da mutanen nan suka sani, ba wanda zai ƙara rufe ido a kujerar nan."

Tsuntsu ya kama hannun da hannuwansa biyu, idonsa ya kawo ruwa. "Haba Kawu. Wallahi daga ni sai kai."

Bayan haka ya tafi babban birni neman sa'a. Aka daɗe ana jin shiru, sai ɗan saƙon gaisuwa jefi-jefi. Can sai ga shi ya dawo da wani mai kyamara, ya ce ya gama kundin waƙoƙinsa na farko, sunansa Benci, kuma a kujerar Kawu yake son a ɗauki hoton bangon. Ranar Mai Aski har guga ya sa aka yi wa farar rigarsa ta aiki. Ya tsaya a bayan kujera, aska a hannu, ƙirji a gaba. Ya tsallaka titi ya gaya wa Mai Agogo cewa zaman benci ya fara biyan albashi.

Ranar da ya fara jin waƙar, safiya ce, rediyo tana kan kanta kusa da kwalbar man gashi. Wani direban babbar mota yana kwance a kujera, rabin fuskarsa kumfa, ya yi nisa a barci. Mai gabatarwa ta ce ga sabuwar waƙar da ta hana kowa sakat, sunanta Hannun Kawu. Sai ga waƙar hancinsa ta fito daga rediyo, ita ce sak, da hawanta da saukarta, an ɗora mata kiɗa mai taushi da wata 'yar ganga mai karkarwa a ƙasa. Murmushi ya suɓuce masa. Har ya buɗe baki zai ce wa masu benci ku ji ɗana, sai muryar Tsuntsu ta shigo.

Hannun Kawu na rawa, hancin Kawu na waƙa,
Yana jira ta wuce, sannan ya ja aska.
Jinina ya fara gani, nan a bayan kunnena,
Ya ce rufa mini, ɗana, ko uwarka kada ta ji.

Mai Aski bai juya ba, amma madubi ba ya rufa wa kowa asiri: ya ga idanu sun sauka a kan hannunsa. Ya duba ƙasa. Direban ya farka, idonsa a buɗe tar, yana kallon askar da ke tsaye a saman maƙogwaronsa. Kuma hannun, munafuki, ya zaɓi wannan lokacin ya kama rawa irin wadda bai taɓa yi a gaban mutane ba.

"Kawu," in ji direban a hankali, ba ya ko son motsa haɓa, "ko za a ƙarasa da inji? Sauri nake."

Kundin kuwa ya karɓu, karɓuwar da ko mai shi bai yi mafarki ba. A motar haya shi ne, a shagon waya shi ne, yara masu tafiya makaranta suna rera amshin suna karkaɗa hannu. Masu sharhi a rediyo da jaridu suka yi ta zuba. Wani ya ce an daɗe ba a ji gaskiya tsirara irin wannan ba. Wata ta ce Tsuntsu ya ɗaga darajar talaka mai sana'a, ya share wa tsofaffi hawaye. Aka ba shi lambar yabo ta kundin shekara, ya hau dandamali da kwat mai ƙyalli, ya ɗaga ta sama ya ce ta Kawunsa ce, mutumin da ya koya masa mene ne jarumta. Jama'a suka tashi tsaye suna tafi, wasu har da hawaye. Duk cikinsu ba wanda gemunsa yake buƙatar aski a layin su Kawu.

Shagon ya cika, ba a taɓa ganin cikarsa haka ba. 'Yan mata da samari suna zuwa daga nesa, su zauna a kujera a ɗauke su hoto, su tashi. Wasu su ce ya riƙe askar. Wata yarinya mai fara'a, ba da mugunta ba, ta ce, "Baba, ɗan miƙo hannun mu gani mana." Masu gaisuwa suka ƙaru, har da waɗanda da ba sa ko kallonsa, kowa da muryar duba marar lafiya: sannu Kawu, ya jikin? Amma direbobi da masu gadi da malaman makaranta suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi masa rashin mutunci. Wanda ya zo zai ce a yi da inji, ya zauna ƙyam, ido a madubi. Wanda bai zo ba zai ɗaga masa hannu daga nesa, haɓarsa fes, aikin wani.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Mai Agogo. Teburinsa yana nan a tsallaken titi, amma kullum kansa a sunkuye, gilashin gyara a ido, wai aiki ya yi yawa. Aka daina kiran mahauci. Gemunsa ya yi ta tsiro har ya zama buzu-buzu. Bai kai shi wani wuri ba, bai kuma kawo shi nan ba.

Ƙanwarsa ta zo gida da murna da kuka a haɗe. "Yaya, ashe abin da kake fama da shi ke nan, ka ɓoye mini? A rediyo zan ji?"

"A rediyo kowa ya ji," ya ce, ya tashi ya bar mata falon.

Tsuntsu ya zo daga baya, cikin mota mai baƙin gilashi, da mutum biyu masu kyamara. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Kawunsa, ya rungume shi, yana ƙanshin turare mai tsada. Ya ce bidiyon waƙar za a yi, kuma ba wanda zai fito a matsayin Kawu sai Kawu. Kafin a ce me, ya faɗa kujera ya jawo ƙyalle ya rufa wa kansa.

"Ku fita tukuna," Mai Aski ya ce wa masu kyamarar. Suka dubi Tsuntsu, ya ɗaga musu kai, suka fita. Ya tura ƙofar, kamar wancan karon.

"Me na ce maka a ɗakin nan?"

"Kawu, na sani. Amma ka duba abin da ya zama! Duniya ta san ka. Mutane suna kuka saboda kai. Wani ya rubuto mini cewa waƙar ce ta sa ya koma ya nemi babansa."

"Na ce me na ce maka?"

Tsuntsu ya sosa bayan kunne, daidai wurin. "Ban faɗi sunanka ba ai."

"Ka sa hotona. Da rigata da na sa aka goge."

"Kawu, in don aiki ne, ka bar aikin nan mana. Ka huta. Ni zan riƙe ka, zan riƙe Mama, zan canza muku gida. Wallahi don ƙauna na yi. Duk waƙoƙin kundin ba wadda ta fito daga zuciyata kamar ita."

Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa. Da ƙiyayya ce da abin ya zo da sauƙi, sai a zage shi a huta. Mai Aski ya dubi yaron da ya ba katifa, ya ba benci, ya tare wa bakin mutane, ya ga har yanzu bai san abin da ya ɗauka ba. Gani yake ciwo ya ɗauka ya mayar da shi abin ado. Bai san kujerar ya ɗauke ba.

"Da ka tambaye ni," ya ce.

"Da ka hana."

"Da na hana."

Sai Tsuntsu ya yi 'yar dariyar nan tasa ta yarinta wadda take sa a yafe masa komai, ya kwantar da kai a jikin kujera, ya rufe ido. "To yi mini gyaran fuska ko ba kyamara. Ka ga ni ban ji tsoro ba. In sun shigo kuma, kada ka matsa wa hannun, ka bar shi ya yi yadda yake yi. Haka mutane suke son gani."

Tun fitar waƙar, wannan ne mutum na farko da ya rufe ido a kujerar. Mai Aski ya matso. Ya kwance ƙyallen daga wuyan yaron, ya kaɗe shi, ya ninke.

"Tashi. Akwai mai jira."

Tsuntsu ya buɗe ido ya dubi bencin. Ba kowa a kai. Ya dubi Kawunsa, ya ga fuskar da bai taɓa gani ba, ya tashi sumui-sumui ya fita.

Washegari da safe yana wasa aska a jikin fata, don hannu ya saba ko ba mai zuwa, sai ya ji an ce, "Mahauci, an buɗe mayanka?"

Mai Agogo ne a bakin ƙofa, da gemunsa kamar tsohuwar tsintsiya. Muryar ta ɗan yi ƙarfi fiye da kima, amma Mai Aski ya ji daɗi har cikin ƙashinsa.

"Shigo, tsohon rago. Na ɗauka an sayar da kai."

"Wa zai saya? Kuma kada ka kawo mini wannan injin naka mai kukan sauro. Aska nake so."

Ya zauna. Mai Aski ya ɗaura masa ƙyalle, ya kaɗa kumfa a kofi, ya shafa da burushi a nutse, yana ja wa kansa lokaci. Hannun yau da sauƙi. Ya kafa ƙaramin yatsa a muƙamuƙi. Ya buɗe hanci zai fara waƙarsa, sai ya ji ba zai iya ba, don yanzu in ya fara, kalmomin yaron ne suke biyo ta. Ya haɗiye, ya ƙirga hawa da saukar a zuci, ya ja askar. Ta tafi sumul. Ya sake ja.

Mai Agogo ya rufe ido. Ba a jima ba minshari ya tashi.

Mai Aski ya tsaya, askar a sama. Ya saurara. Gurnanin yana nan, har ya fi na da ƙarfi, amma a jere yake zuwa, tsaf-tsaf, ba tangarɗar janareta, ba ɗan fiton nan na ƙarshe. Ya dubi fatar idon, ya ga a matse take kamar ta mai jiran allura. Ya dubi ƙasa, ya ga yatsun da suka ƙware a kama ƙananan ƙusoshin agogo sun damƙe hannun kujera ta ƙarƙashin ƙyalle, har jijiyoyi sun tashi.

Ya daɗe a tsaye yana kallon abokinsa yana yi masa ƙaryar barci saboda ƙauna. Sannan ya goge askar a tawul, ya ninke ta, ya buɗe aljihun tebur ya sa ta can ciki, bayan kwalayen reza.

"Ya isa, tsoho," ya ce. "Daina wahalar da kanka. Naka minsharin da fito yake ƙarewa."

Mai Agogo ya buɗe ido. Bai yi musu ba, bai kuma iya kallon madubi ba. Yatsunsa suka saki hannun kujerar a hankali.

Mai Aski ya goge masa sauran kumfar, ya miƙa hannu ya sauko da injin daga ƙusa, ya hure ƙurar da ke bakinsa, ya kunna.